Babi na 5: Jinyar Ƙaramar Bishiyar Junifa a Kasko

Darasi na 1: Tana da rai ko ta mutu?

Sannunku da ƙoƙari. Idan kun buɗe wannan babi, ina kyautata zaton bishiyarku ta fara dusashewa, ganye ya koma ruwan ƙasa, hankalinku ya tashi. Ku kwantar da hankali. Kusan duk wanda ya fara renon bonsai ya taɓa shiga wannan hali, ni ma na shiga.

Bonsai kalmar Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin kasko. Bishiya ce ta gaske kamar kowace bishiya, sai dai ana tsare ta a ƙaramin kasko, ana rage mata saiwa da reshe don kada ta girma. Junifa kuwa ita ce mai ganye siriri kore, wani kamar ƙananan allurai masu tsini, wani a manne jikin reshe kamar tufkar igiya.

Junifa tana da wata yaudara. Saiwarta za ta iya mutuwa yau, amma ganyenta ya ci gaba da zama kore har makonni. Don haka kada ku tambayi ganye, ku tambayi ɓawo.

Ɓawo shi ne fatar da ta lulluɓe jikin itacen. Ku zaɓi wuri ɗaya a jikin bishiyar, kusa da ƙasa. Ku sa farce ku kankare ɗan mitsitsi, kamar kan allura, ba ku feƙe ta ba. Ku duba abin da ya bayyana. In kun ga kore ko fari-fari mai danshi, tana da rai, alhamdulillahi. In kun ga busasshe launin ƙasa, ku gwada wani wuri ƙasa da nan. In ko'ina busasshe ne, kuma ganye yana karyewa ƙas-ƙas a hannu, ta tafi. Ba laifi, da kuskure ake koyo. Ku wanke kaskon ku ajiye don ta gaba.

Darasi na 2: A waje take zama

Junifa ba bishiyar ɗaki ba ce. Na sake faɗa: ba ta zama a ɗaki. Ko mai sayarwa ya ce muku za ta zauna a kan tebur, ko an rubuta haka a jikin kwalinta, ku fitar da ita waje. Hasken da ke shigowa ta taga bai ishe ta ba, kuma tana bukatar iska mai kaɗawa.

Amma kada ku ɗauke ta daga duhu ku ajiye ta cikin tsakiyar rana gaba ɗaya, ganyenta zai ƙone. Mako na farko ku ajiye ta inda akwai haske amma a inuwa. Mako na biyu ta samu ranar safe. Daga nan sai a ƙara mata, har ta riƙa samun rana kamar awa 6 a yini. Inda zafi ya yi tsanani, ku kare ta daga ranar tsakar yini, domin ƙaramin kasko yana ɗaukar zafi ya dafa saiwa. Inda kuma ake sanyi mai ƙarfi, ganyen wasu irin yakan koma launin tagulla, wannan ba ciwo ba ne.

In kun sama mata wuri, ku bar ta nan. Yawan ɗauke-ɗauke yana wahalar da ita.

Darasi na 3: Yatsa kafin ruwa

To, ku gyara zama. Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, kuma nan zan daɗe.

Kullum ana tambayata: "Malam, sau nawa za mu ba ta ruwa a mako?" Amsar ita ce babu lamba. Wata rana ƙasar za ta bushe cikin yini ɗaya, wata rana ta kwana 3 da danshi. Ya danganta da rana da iska da girman kasko. Wanda zai gaya muku gaskiya shi ne yatsanku.

Kafin komai, ku duba saman kaskon. Sau da yawa ana sayar da waɗannan bishiyoyi da tsakuwa a sama wadda aka liƙe da gam don ado. Ku ƙwanƙwasa da yatsa. In tsakuwar ba ta motsi, a liƙe take. Ku sa bayan cokali ku ɓamɓare ta a hankali, ku zubar. Muddin tana nan, ruwa ba zai shiga yadda ya kamata ba, yatsanku ma ba zai shiga ba.

Yanzu ga aikin. Ku miƙe manunin yatsa, wato wanda ke kusa da babban yatsa. Ku tura shi cikin ƙasar kaskon har farce ya nutse duka, kamar santimita 1 ke nan. Ku ɗan tsaya. Me kuka ji? In kun ji sanyi da danshi, ƙasa ta manne a yatsa, kada ku zuba ruwa. Ku ajiye butar, ku tafi. In kun ji ta fara bushewa, yatsa ya fito kusan fes, to lokaci ya yi.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki ido bai san komai ba. Saman ƙasa yakan bushe alhali ƙasan yana jiƙe sharkaf. Yatsa dai, yatsa.

In lokacin ya yi, ba yayyafi ake yi ba. Ku zuba ruwa a hankali, ku zagaye kaskon duka, har ku ga yana fita ta hujin da ke ƙasa. Ku jira kaɗan, ku sake zubawa karo na biyu. In kaskon ba shi da huji ko ɗaya, wannan babbar matsala ce, sai an huda shi. In akwai faranti a ƙarƙashi, ku zubar da ruwan da ya taru a ciki. Saiwa tana numfashi. In ta kwana cikin ruwa tana ruɓewa, ta yi baƙi, ta yi laushi, ta fara wari. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta shan ruwa, sai ganye ya bushe, sai mai bishiya ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Kun ga yadda ake kashe ta da kirki?

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini tata, ta ce wallahi ba ta taɓa barin ta da ƙishi ba, safe da yamma take ba ta. Da na ɗaga kaskon sai ruwa ya biyo hannuna har gwiwar hannu. Na ce, "Malama, kin sa yatsa?" Ta yi shiru. Ba wai ba ta ji darasin ba, ta ji. Tausayi ne ya fi ƙarfinta.

Mu maimaita tare. Da safe na je wurin bishiya. Na sa yatsa. Akwai danshi? Na bar ta. Ta fara bushewa? Na zuba har ya fita ta ƙasa. Gobe ma na sake sa yatsa. Jibi ma haka.

In ƙasarku mai tsakuwa ce da yatsa ba ya shiga, ku soka busasshen tsinken itace, ku bar shi minti 10, ku zare. In ya fito da duhu da danshi, ba ta bukatar ruwa.

Kada kuma ku wuce gona da iri ku bar ta ta ƙeƙashe. In ƙasar ta bushe har ta janye daga gefen kasko, ruwa zai bi ta gefen ya wuce bai jiƙa komai ba. In haka ta faru, ku tsoma kaskon cikin kwano mai ruwa kamar minti 10, ku ciro, ku bar shi ya tsane. Daga nan a koma ga yatsa.

Ni fa na gaji da ganin mutane da butar ruwa a hannu da yatsa mai tsabta. Duk wanda yatsansa bai taɓa ƙasa ba, kada ya zo yana cewa bishiyar ce ba ta da kyau. Abu ne na daƙiƙa 5. Ku yi shi, don Allah.

Darasi na 4: Ku janye hannu

Bishiya marar lafiya ba a ba ta taki. Taki ba magani ba ne, yana iya ƙone saiwar da ta riga ta raunana. Ku jira sai kun ga sabon tsiro kore shar a bakin rassa.

Kada ku canja mata kasko yanzu, sai dai in ƙasar ba ta tsanewa sam. Kada ku yi mata aski. Junifa da ganyenta take samun ƙarfi, kuma reshen da aka cire wa ganye duka yakan mutu. Busasshen ganye na can ciki kusa da jiki kuna iya tsincewa da hannu. Sauƙi yana ɗaukar watanni, ba kwanaki ba. Kun sa yatsa yau?

Darasi na 5: Ƙwari

Akwai wasu ƙwari ƙanana ƙwarai, dangin gizo-gizo, masu tsotse ganye har ya yi toka-toka. Ku riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe, ku ɗan bubbuga reshen. In ɗige-ɗige sun zubo kuma suna tafiya, su ne. Ku fesa wa ganyen ruwa da ɗan ƙarfi, sama da ƙasa, duk bayan kwana 3 ko 4.

Darasi na 6: Waya

In an naɗe reshe da wayar ƙarfe don a lanƙwasa shi, kuma ta fara cin ɓawo, ku datse ta gunduwa-gunduwa, kada ku warware. Sabuwar waya sai bishiya ta warke.