Kurakuran da marubutanmu ke yi wajen ƙulla rikici a labari

Rikicin da ke riƙe labari iri biyu ne. Akwai wanda ke zo wa jaruma daga waje, kishiya ce ko uwar miji ko talauci ko baban da ya rantse sai ta auri ɗan amininsa, akwai kuma wanda ke cikin ƙirjinta, tana son abu biyu kuma dole ta saki ɗaya. Na waje kam mun iya shi tun muna yara a gaban kaka ana ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Na cikin ne yake ba mu wuya, musamman a littattafan da ake saki feji feji a WhatsApp da Wattpad.

Abin da aka fi yi shi ne jibga musiba. Yau an kori yarinya daga gida, gobe hatsari a hanyar Zariya, jibi an sace mata ɗa, ita kuwa tun farkon littafi ba ta yanke shawarar komai ba sai dai kuka. Na san dalili, 'yan gurup na ta "Anti a ƙara mana", ke kuma marubuciya kina son kowane feji ya ƙare da tashin hankali. To amma kafin ki kawo musiba ki tambayi kanki, wane zaɓi za ta tilasta mata? In an kore ta, bari gwaggonta ta ce zan riƙe ki amma makaranta kin gama, ga shi saura wata biyu ta zana jarabawa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne asiri. Miji ya juya wa uwargida baya, ya daina shiga ɗakinta, ya wulaƙanta 'ya'yansa, sai can ƙarshe a tono laya a bakin ƙofa, malam ya yi ruƙiyya, mutumin ya farka yana kuka yana neman gafara, shi ke nan an wanke shi tas. Ban ce babu sihiri ba, Allah ya tsare mu da shi. Amma da kin ɗora laifin kan boka kin raba mutumin da zuciyarsa, ba shi ya aikata ba balle a ce ya yi nadama ta gaske. Ki bar shi da hankalinsa mana. Ya zo wucewa da daddare ya ji 'yar autarsa na tari a ɗakin uwarta, ya ɗaga labule har ya sa ƙafa, sai ya tuna fuskar da amarya za ta yi masa ya saki labulen ya wuce. Wallahi wannan ya fi layu goma ciwo, don mai karatu ya san irin mutumin nan a unguwarsu.

Sai masu ɗaukar kuka a matsayin rikicin zuci. Shafi uku zuciyarta na tafarfasa, hawaye wani na korar wani. Wannan baƙin ciki ne kawai, ba ta tsaya tsakanin komai da komai ba. Kuma abin mamaki muna da kunya da kara a gida amma ba ma taɓa su. Uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, tana kallo ana hana shi abinci a tsakar gida, kara ta rufe mata baki, sai da dare ta ɓoye masa tuwo a ƙarƙashin gado ta aiki ƙanwarsa ta kira shi. Ba sai kin rubuta mana cewa ranta na ƙuna ba.

Wajen warwarewa ma haka, kishiya ta haukace ta shiga bola ko mota ta kwashe mugun, jaruma na zaune sai ga sauƙi. In waje ne ya ƙulla rikicin, bari shawararta ce ta kwance shi, kuma ta rasa wani abu a kai. Masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ku kula da wannan sosai, gajeren labari ba shi da wurin musiba biyar, guda ɗaya ta isa in dai ta matse jarumar har ta zaɓa.