Canjin 'Yan Wasa a Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk watan Agusta sai an turo mana sabon mataimakin koci, yaro mai jini a jika, allo a hammata, kai cike da tsare-tsaren da ya kalla a bidiyo. Kafin Oktoba ta ƙare sai ka ga ya taka inda na gabansa ya taka ya zame. Na daɗe ina wannan aiki a wata ƙaramar jami'a a Amurka, a rukuni na uku na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, kuma bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a gefen fili.

Wanda ya tashi da kallon Firimiya a gidan kallo, dole ya sauke wani abu daga kansa kafin ya zauna a bencinmu. A can canji biyar ne, wanda ya fita ya fita ke nan. A nan agogo sauka yake yi daga minti 45 zuwa sifili a kan allo, kowa na gani, babu wasu mintuna da rafali ya ɓoye a aljihu. A rukuninmu ba a ƙayyade yawan waɗanda za ka saka ba. Sai dai wanda ka cire kafin hutu ba ya dawowa sai an dawo daga hutu, bayan hutu kuma sau ɗaya ake yarda ya sake shiga. A 2024 aka tsaurara wa mazan rukuni na ɗaya: sau shida kawai za ka yi canji, kuma wanda ya fita ba zai dawo cikin wannan rabin ba. Dalilin sassaucin tun asali shi ne cunkoso. Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Nuwamba ana buga wasa wajen 18, sau da yawa biyu a mako, ga karatu ga jarrabawa. Sasho Cirovski na jami'ar Maryland ya shekara da shekaru yana fafutukar a raba kakar tsakanin zangon karatu biyu saboda wannan. To wannan yalwar ita ce ke ruɗar sababbi. Suna ganin tunda an ba su dama, laifi ne su bar ta.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne taɓa 'yan baya kana kan gaba da ƙwallo ɗaya. Ba labari aka ba ni ba, ni na yi shi da hannuna.

Wasanmu na ƙarshe a gida ne, wanda ake karrama 'yan ajin ƙarshe, kuma muna buƙatar nasara mu samu gurbi a gasar ƙungiyoyin yankinmu. Babban kocinmu yana zaman dakatarwa, benci yana hannuna. Muna ci ɗaya da nema, saura minti 11. Akwai wani ɗan ajin ƙarshe, ɗan baya, yaron kirki wanda bai taɓa fashin atisaye ba, amma duk kakar bai buga abin a zo a gani ba. Iyayensa sun yi tafiya mai nisa, ina hango su a kan benen 'yan kallo sun lulluɓa da bargo. Tausayi ya kama ni. Na tura shi teburin masu riƙe da agogo. Daidai lokacin abokan karawarmu suka samu kwana, suka yi canji, kuma dokar jami'a ta ce in masu kwana sun yi canji kai ma an ba ka dama. Aka busa ƙaho, na cire lamba biyar ɗina, ɗan tsakiyar baya, na saka shi.

Lamba biyar ɗin nan shi ke riƙe da dogon ɗan gabansu tun farkon wasa. Da yake fita ya kalle ni ya ce, "Koci, yanzu?" Ban amsa ba. Wanda ya shiga yana ta waige-waige yana tambayar wa zai riƙe, ƙwallo ta taso, dogon nan ya sa kai. An farke. Kunnen doki bai ishe mu ba, na kwashe kowa na tura gaba, saura minti biyu suka kama mu a buɗe suka ƙara. Kakarmu ta ƙare a ranar. Yaron da na so in faranta wa rai shi ya fi kowa kuka a ɗakin canza kaya, yana ganin laifinsa ne, alhali ni na jefa mutum mai sanyin jiki cikin wuta ban ko gaya masa sunan wanda zai bi ba. Garin neman gira na rasa ido.

Tun daga ranar ina da doka, tawa ce, ban ce kowa ya bi ba. In muna gaba da ɗaya, 'yan tsakiyar baya biyu da lamba shida ba sa fita sai in ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum. Ba na canji a kwanar abokan hamayya ko da rafali ya roƙe ni. Ina jira sai golanmu zai buga daga gida, ko mun samu jifa a can gidansu. Mai neman karramawa kuwa, da shi nake fara wasa, ya buga minti 20 na farko lokacin da kowa ke da ƙarfin rufa masa asiri, iyaye su ɗauki hotonsu, shi ke nan.

Na biyu shi ne kwasar mutum huɗu ko biyar lokaci guda a wajen minti na 30, kamar motar haya tana sauke fasinja a tasha. Wannan al'ada ta yi katutu a ƙwallon jami'a, kuma na san masu kare ta: wai a sa sababbin ƙafafu su matsa wa abokan hamayya har a tafi hutu. Wallahi sau nawa na ga ƙungiya tana murza leda lafiya lau, an fahimci juna, an gano ɓangaren da ke yoyo a gidan abokan karawa, sai koci ya dubi agogo ya rushe komai don haka ya rubuta a takarda tun daren jiya. Kai malam, wasan kake kallo ko takardarka? Mutum biyar da suka shigo tare babu wanda ya san yadda iska ke kaɗa ƙwallo, babu wanda ya san ɗan gefensu na hagu ba ya komawa baya. Sai sun ɓata minti biyar suna lalube, kuma a cikin minti biyar ɗin nan ake cin mutum. Ni biyu nake sakawa, ba kuma daga layi ɗaya ba: ɗan gefe ɗaya, ɗan gaba ɗaya. In na ga sun zauna, sai in ƙara.

Abin haushi, masu wannan ɗabi'a su ne ke cika baki cewa suna shirya yara don ƙwallon ƙwararru. Wane shiri? Yaron da ya saba gudu kamar an koro shi na minti 25 sannan ya zauna ya sha ruwa, yaushe zai koyi raba numfashinsa a minti 90? Yaranmu na Afirka ta Yamma da ke zuwa nan, irin hanyar da Abu Danladi ya bi daga makarantar Right to Dream ta Ghana zuwa jami'ar UCLA har ƙungiyar Minnesota United ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na MLS, gasar ƙwararru ta Amurka, na 2017, galibi sun iso da sanin lokacin gudu da lokacin tafiya. Sai koci ya ga yaro yana takawa a hankali ya ɗauka gajiya ce ya cire shi. Ka dubi abin da yake yi in ƙwallo ta zo ƙafarsa tukuna. Ni alamar gajiya a wurina ita ce mutum ya daina waiwayawa kafin ya karɓi ƙwallo, ko ya fara kai hannu yana jan riga.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo.

Kada ka cire gwaninka a minti na 20 "ya ɗan huta", ka manta ba zai dawo ba sai bayan hutu. Ka yi asarar minti 25 a banza.

Canji don cin lokaci a ƙarshen wasa wahalar banza ce, domin in mai rinjaye ya yi canji a mintunan ƙarshe tsayar da agogo ake yi. Abin da ka samu kawai shi ne ka ba su damar shan iska su daidaita sahu.

A sanyin Nuwamba, wanda ya zauna minti 60 cikin bargo ba ya shiga sai ya yi gumi a bayan benci. Na ga tsokar cinya ta tsinke a gudun farko.

Ka riƙa ƙirga katin gargaɗi. Biyar a kaka dakatarwar wasa ɗaya ce. Mai huɗu, in wasa ya riga ya yi kyau, fito da shi.

Sai maganar fenareti. Tun 2022 an daina ƙarin lokaci a wasannin kaka na yau da kullum, kunnen doki yana tsayawa a haka, amma a wasannin sili-ɗaya-ƙwale yana nan, kuma manyan kofuna sun sha ƙarewa a can: jami'ar Georgetown ta doke ta Virginia a fenareti a 2019, Syracuse ta yi wa Indiana haka a 2022, Vermont kuma ta ci Marshall a ƙarin lokaci a 2024. Sababbi sai ka ga saura minti ɗaya suna gaggawar cire ɗan baya su cusa gwanin fenareti, don sun ga ana yi a Gasar Cin Kofin Duniya. A dokar jami'a ba sai mutum yana cikin fili lokacin tashi ba. In sunansa yana takardar wasa, kana iya sa shi cikin masu bugawa. Bar ɗan bayanka ya ƙarasa aikinsa. Ni tun daren wasa nake rubuta sunaye goma a bayan katin da ke aljihuna, in kuma sa gwanin ya riƙa taɓa ƙwallo da ƙaramin golanmu a bayan benci tun da aka shiga ƙarin lokaci.