Yadda ake jinyar zakin da aka ceto daga wahala

Duk wanda ya ga hotunan zakunan lambun Al-Kurashi na Khartum a Janairun 2020, haƙarƙari a waje kamar ka ƙirga, abin da zai fara zuwa ransa shi ne a jibge musu nama. To, a yi hattara. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar lodi. A wata mafakar namun daji da na yi aiki a Afirka ta Kudu, kaɗan-kaɗan muke farawa, sau da yawa a yini, ga ruwa mai tsabta, har hanji ya dawo daidai.

Sabon zuwa a keɓe shi kwana 30 aƙalla. Likitan dabbobi ya sa masa barci, ya ɗebi jini, ya duba kashi saboda tsutsar ciki, ya buɗe baki. Zakunan da aka karɓo daga masu wasa da su sukan zo da karyayyun fiƙoƙi, wasu an cire musu farata.

Idan ya murmure, babban namiji yana cin wajen kilo 7 a rana, mace kilo 5, a riƙa tsallake rana ɗaya ko biyu a mako. Amma tsoka zalla cuta ce. A ba shi da ƙashi, da fata, da gashi, da ɗan hanta, a barbaɗa garin sinadarin ƙashi. Na riƙe wata zakanya da aka raina a gidan wani mai kuɗi da tsoka kawai. Ƙafafunta sun lanƙwashe, taku goma sai ta zube tana haki. Har yau idan na tuna tafiyarta raina yakan ɓaci.

Ƙofa kuwa, a yi ta biyu, mai zamewa, wadda ake ja daga waje. Ba a shiga shara sai an kulle dabbar a ɗakin kwananta, ka taɓa kwaɗo da hannunka, abokin aikinka ma ya taɓa. Sabo ba ya cire wa zaki halinsa.

Idan mafakar tana da damisar Asiya mai ratsi-ratsi, ita ba ta son taro, amma tana son ruwa. Haƙa mata kududdufin da za ta kwanta har wuya. Zaki ɗan dangi ne, sai dai kada a haɗa baƙi kai tsaye. A bar shingen waya tsakaninsu makonni, sai ka ga suna goga kai ta jikin shingen.

Haihuwa babu ita a mafaka ta gaskiya, haka ɗaukar hoto da 'ya'yan zaki. Ana sa wa mace maganin hana ɗaukar ciki, namiji kuma a ɗaure masa jijiyar maniyyi, domin dandaƙa tana zubar da gezarsa.

Wanda ya girma a kan siminti yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi taka ciyawa. Kada ka kora shi. Bar ƙofar a buɗe, ka ajiye naman nesa kaɗan da inda ka sa jiya, ka koma inda ba ya ganinka.