Yadda za a koya wa yaro wasan Pokémon na asali ba tare da an karɓe na'urar daga hannunsa ba

Mafi yawan wasannin bidiyon da yara suke bugawa a wayoyin iyayensu a Katsina na sauri ne, ko tseren mota ko ƙwallo ko harbi, kuma wanda yatsansa ya fi hanzari shi ne gwani. Pokémon na asali ya sha bamban da waɗannan, domin bi da bi ake yin sa kamar dara: kai ka yi naka, abokin karawa ya yi nasa, kuma babu abin da zai motsa a fuskar na'urar sai ka zaɓi abin da za ka yi, ko da za ka daɗe kana tunani. Wannan jiran shi ne amfanin wasan ga yaro, kuma shi ne abin da babba yake saurin ɓatawa idan ya gaji da kallo ya ce a miƙo masa ya nuna yadda ake yi.

Kamfanin Game Freak na Japan ne ya ƙirƙiri wasan a ƙarƙashin jagorancin Satoshi Tajiri, mutumin da ya taso yana sha'awar kama ƙwari yana tarawa, kamfanin Nintendo kuma ya fitar da shi a kan na'urar hannu ta Game Boy a ranar 27 ga Fabrairu, 1996. Ya isa Amurka a 1998 da sunan Pokémon Red da Pokémon Blue, Turai kuma a 1999. Ɗan wasa yaro ne da yake barin garinsu, Pallet Town, ya zagaya yankin Kanto yana kama halittu iri 151, yana horar da su, yana karawa da shugabannin zaurukan fafatawa takwas, kowanne ya ba shi bajo idan ya yi nasara a kansa.

Samun wasan shi ne wahala ta farko. Tsohon kaset na Game Boy yana aiki a Game Boy Color da Game Boy Advance, kuma wanda ya samu zaɓi a wurin masu sayar da kayan gwanjo ya ɗauki Game Boy Advance SP, saboda fuskarta tana da haske kuma caji ake yi mata, ba kamar ta farko ba mai cin batir huɗu wadda ba a ganin komai a cikinta da zarar an ɗauke wuta da dare. A cikin kaset ɗin akwai ɗan batir irin na agogo, shi ne yake riƙe da inda aka tsaya. Kafin a biya kuɗi a kunna, a adana wasa, a kashe, a sake kunnawa. Idan abin da aka adana ya ɓace, batirin ya mutu, sai mai gyaran rediyo ko waya ya sauya shi. An sake gina wannan labari da launi a 2004 da sunan FireRed da LeafGreen, kuma yawancin abin da ke cikin wannan bayani ya shafe su. Kwafen da ake saukewa kyauta a waya daga intanet ba da izinin kamfanin aka ɗora su ba, wasu shafukan ma sukan haɗa su da manhajoji masu cutar da waya.

Babu Hausa a wasan, kaset ɗin Amurka da Turanci aka rubuta shi, gajerun jimloli masu maimaita kansu. Yaron da ya kai aji uku ko huɗu na firamare zai iya bi, muddin yayansa ko babansa ya zauna da shi a kwanakin farko. A bar shi ya karanta da ƙarfi, a fassara masa abin da ya gagare shi kawai, kuma a hana shi ɗabi'ar danna maɓallin A ba tare da ya karanta ba, domin mutanen cikin wasan su ne suke faɗar hanya, wanda ya tsallake maganarsu kuwa zai yi ta yawo a gari ɗaya bai san abin da ya rage masa ba.

A farkon wasa, tun kafin a fita daga ɗaki, a duba kwamfutar da ke ciki, akwai magani guda na maido da ƙarfi da aka ajiye. Daga nan Farfesa Oak, masanin halittu na cikin wasan, zai ba da zaɓi tsakanin halittu uku: Bulbasaur na ciyawa, Charmander na wuta, da Squirtle na ruwa. Yara da yawa wuta suke so. Gaskiyar magana ita ce Bulbasaur ya fi sauƙi ga sabon shiga, saboda shugaban zaure na farko, Brock na garin Pewter, halittun dutse gare shi, ta biyu kuma, Misty ta garin Cerulean, na ruwa gare ta, ciyawa kuwa tana rinjayar duka biyun. Squirtle yana bi masa. Charmander zai sha wuya a waɗannan wurare biyu. A gaya wa yaro haka sarai, sannan a bar shi ya zaɓa, ko da wutar ya nace a kai, domin duk wanda ya ɗauka, abokin hamayyarsa a cikin wasan zai ɗauki wanda yake rinjayarsa, kuma babu zaɓin da yake hana a kai ƙarshe.

Abin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa shi ne faɗan kansa. Idan an gamu da abokin karawa, kalmomi huɗu suke bayyana: FIGHT don kai hari, PKMN don sauya halitta, ITEM don amfani da kayan jaka, RUN don gudu. Abu ɗaya tak ake yi a kowane zagaye. Wanda ya ba halittarsa magani ya ba da zagayen ke nan, zai sha duka bai rama ba, haka ma wanda ya sauya. Idan duka ɓangarorin hari suka zaɓa, halittar da ta fi sauri ita take fara bugu. Ana iya gudu daga halittar daji, amma ba a gudu daga mai horarwa, saboda haka kafin a ratsa gaban mutumin da yake tsaye a bakin hanya a duba ƙarfin tawaga.

Kowace halitta hari huɗu kaɗai take iya riƙewa, kowane hari kuma yana da adadin da za a iya yin sa kafin ya ƙare. Nau'o'i goma sha biyar ne a wasan na asali, amma kada a ɗora wa yaro haddar su gaba ɗaya. A fara da abin da hankalinsa ya riga ya sani: ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ciyawa, ciyawa tana shanye ruwa. Harin da ya dace yana ninka ɓarna sau biyu, wanda bai dace ba yana raba ta biyu. Bayan ya riƙe wannan sai a ƙara masa cewa lantarki yana rinjayar ruwa da masu tashi sama, amma ba ya yi wa halittar ƙasa komai ko kaɗan. Zai yi kyau a ba shi tsohon littafin rubutu ya riƙa rubuta abin da ya gano da hannunsa, duk lokacin da na'urar ta sanar cewa hari ya yi tasiri sosai ko bai yi ba.

Aikin babba a nan tambaya ce kawai. Kafin yaro ya danna, a ce masa: “Wannan da ke gabanka na mene ne? Wa kake da shi da ya fi ƙarfinsa? Idan ka sauya, za ka iya jure bugu ɗaya?” Idan ya amsa ba daidai ba, a bar shi ya gwada ya gani. Faɗuwa a wannan wasa ba ta da tsada sosai: idan halittunsa duka suka suma, rabin kuɗinsa zai tafi, a mayar da shi asibitin halittu na ƙarshe da ya ziyarta, amma ba ya rasa ko ɗaya daga cikinsu, kuma ƙwarewar da suka tara tana nan. A ganina yaron da Brock ya kayar sau biyu, ya koma ya yi shiri da kansa, ya fi amfana da wasan a kan wanda aka riƙe wa hannu ya wuce a karo ɗaya.

Ba a fara kama halittu sai an kai wa Farfesa Oak saƙon da mai kanti a garin Viridian yake bayarwa. Bayan haka ne ake iya sayen ƙwallon kamu a kan 200 na kuɗin wasan, daga cikin 3000 da ake farawa da su. Ƙa'idar kamu ita ce a raunana halitta har sandar ƙarfinta ta kusa ƙarewa, ba tare da an sumar da ita ba, sannan a jefa ƙwallo. Idan an sa ta barci ko an shanye mata jiki, kamun ya fi sauƙi. Halittar wani mai horarwa ba ta kamuwa, jefa mata ƙwallo asara ce. Shida ake yawo da su, sauran suna tafiya ajiya a kwamfuta.

Kuskuren da kusan kowane yaro yake yi shi ne ya dogara da halittarsa ta farko ita kaɗai, ta yi ta girma sauran biyar suna zaune, har ranar da zai gamu da wanda yake rinjayarta ya rasa madafa. Maganin abin yana da sauƙi. A sa mai rauni a gaban jeri, da an fara faɗa a sauya ta da mai ƙarfi, sai a raba ƙwarewar tsakanin su biyu. Da wannan dabara ake raya Caterpie, ƴar tsutsar da ake samu a dajin Viridian, wadda take zama Metapod a matakin girma na 7, ta zama Butterfree a mataki na 10, a mataki na 12 kuma ta koyi harin da zai taimaki mai Charmander a gaban Geodude da Onix na Brock, waɗanda suke mataki na 12 da na 14. Da ita kuma ake raya Magikarp, kifin da wani mutum yake sayarwa a kan 500 kusa da kogon Mt. Moon, wanda ba ya tsinana komai sai ya kai mataki na 20 ya rikiɗa ya zama Gyarados. Kafin zaure na uku a garin Vermilion, inda lantarki yake, a shiga kogon da ke gefen garin a kamo Diglett na ƙasa.

Jinya a asibitin halittu kyauta ce, don haka duk garin da aka shiga a fara da can. Kuɗi a kashe su a kan ƙwallo da maganin dafi mai 100 kafin shiga dajin Viridian, saboda halittar da ta kamu da dafi ƙarfinta yana raguwa ko ana tafiya ne kawai. Jaka kaya iri ashirin take ɗauka. Akwai kuma hare-hare biyar na buɗe hanya, irin su yanke itace da ƙetare ruwa, waɗanda ba sa goguwa idan halitta ta koya a wasan na asali, saboda haka kada a cika wa gwanar tawaga gurabenta da su.

Akwai wurare biyu da ya kamata iyaye su sani tun kafin yaro ya isa. Garin Lavender yana da hasumiyar kaburburan halittu da fatalwa da kiɗa mai sanyaya jiki, ƙaramin yaro yana iya tsorata, gara ya bi wurin da rana kuma da babba a kusa. Na biyu ya fi nauyi: a garin Celadon akwai gidan da aka jera injinan caca. Labarin yana tilasta a shiga gidan, domin maɓoyar miyagun wasan, Team Rocket, tana ƙarƙashinsa, ana buɗe ta da maɓallin da ke bayan wani hoto a bango, amma ba a buƙatar taɓa injin ko sau ɗaya kafin a gama wasan. A faɗa wa yaro abin da injinan suke, da dalilin da ya sa ba za a taɓa su ba. Ya dace kuma a san cewa a 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasanni da katunan Pokémon, daga cikin dalilanta akwai caca da batun rikiɗar halittu. Magidancin da abin ya tsaya masa a rai ya tambayi malaminsa kafin ya sayi kaset.

Batun lokaci bai da wuyar tsarawa, tun da ana iya adana wasa a ko'ina in dai ba a tsakiyar faɗa ba, a tsakiyar faɗan ma ana iya ajiye na'urar ta jira. Yaro ba shi da hujjar cewa sai ya ƙarasa idan an kira salla ko lokacin Islamiyya ya yi. Ya fi kyau a yanka masa iyaka da abin da ke cikin wasan, a ce yau daga wannan gari zuwa wancan, ya adana ya kashe.

Abin da yake haddasa rigima a gida mai yara da yawa shi ne kaset ɗaya wasa ɗaya kawai yake adanawa. Idan ƙane ya zaɓi NEW GAME bai adana ba, babu abin da ya lalace, amma da zarar ya adana, duk aikin yayansa ya shafe kuma ba ya dawowa. A koya wa kowa a gidan ya zaɓi CONTINUE, ko kuma a mayar da wasan na kowa, kowane yaro ya mallaki halitta ɗaya ko biyu a cikin tawagar, ya raɗa mata suna, idan aka sako ta a faɗa a miƙa masa na'urar. Cika halittu 150 ɗin da ake nema daga cikin 151 ba ya yiwuwa da kaset ɗaya, domin wasu halittun a Red kaɗai ake samunsu, wasu a Blue, huɗu kuma, wato Kadabra da Machoke da Graveler da Haunter, ba sa rikiɗa sai an yi musayarsu ta igiyar da ke haɗa na'ura biyu. Idan akwai ɗan uwa a Daura ko wata unguwa da yake da ɗaya launin, a nemi igiyar tun kafin hutun da za su haɗu.