Darasi na 9: Duwatsun Kagoro da ruwan da suke ajiyewa

To iyayena da yayyena, yau karatunmu ya kai mu kudancin jihar Kaduna, ƙaramar hukumar Kaura, inda garin Kagoro yake, ba nisa da Kafanchan. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kafanchan zuwa Manchok ya ga duwatsun nan, sun yi jere sun tokare sama, garin kuma yana kwance a gindinsu. Su ne gefen tsaunin Jos ta yamma, kuma ƙololuwarsu ta haura mita 1,000 daga matakin teku.

A karanta a hankali, ba sauri ake ba.

Abin da nake so mu gane shi ne me ya sa wurin nan ya fi su Zariya da Kano ruwa da duhuwar itatuwa. Iskar damina daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, tana ɗauke da laima, in ta zo ta ci karo da dutse ba ta da hanya sai ta hau sama, can sama kuma akwai sanyi, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6, to nan take hadari ya haɗu ruwa ya sauka. Shi ya sa damina ke riga zuwa Kagoro kuma ta daɗe ba ta tafi ba.

Amma fa saukar ruwa daban, riƙe shi daban. Dutsen nan mai tauri ne, ruwa ba ya shiga cikinsa sai ta tsaga. In ka shiga kurmin da ke kwazazzabai ka sa hannu ka ɗaga busassun ganye, za ka tarar da baƙar ƙasa mai sanyi, jiƙe, saiwoyi sun sarƙe ta ko'ina. Wannan ƙasar ita ce kamar soso, ta sha ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ne idon ruwa da ƙoramu ke gudu har cikin rani. Irin wannan ruwan ne ke taruwa ya gangara, a kusa da Kafanchan ma akwai Matsirga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. A kurmin akwai maɗaci da kwakwar manja, ga birai ga tsuntsaye iri-iri, har masana na zuwa dajin Nindam da ke kusa da Kagoro musamman don ganinsu. A fili-fili kuma sai ɗorawa da kaɗanya.

Mutanen Kagoro a da kan dutsen suke zama saboda tsaro lokacin hare-haren kamun bayi, daga baya akasari suka sauko. Har yau suna bikinsu na gargajiya, wato Afan, duk ranar 1 ga Janairu.

Abin da ke damuna wallahi shi ne gawayi da ƙunar daji. Na san talauci ne ke sa mutum ya ɗau gatari, ba na zagin kowa, amma in aka sare itacen kan gangare, ruwan farko kawai zai kwashe ƙasar ya zuba ta a gonakin ƙasa, dutse ya rage tsirara, idon ruwa ya ƙafe tun kafin sanyi ya wuce, mata da yara su koma tafiya mai nisa da jarka. Don haka kar a sare itace a bakin idon ruwa, mai noma a gangare ya ja kunya a gicciye, kuma kafin a sa wa gona wuta a share gefenta tukuna.

Aikin gida: kowa ya rubuta kalmomin nan sau 3 a littafinsa, dutse, kurmi, ƙorama, gangare. Sannan a tambayi wani dattijo a unguwa ko akwai rafin da ya sani da yana yaro wanda yanzu ya ƙafe, a rubuto sunan rafin a zo da shi aji.