Yadda Ake Zaɓa wa Ƙungiyar Jami'a Tsarin Kai Hari a Ƙwallon Amurka

A ƙarshen 2007 Jami'ar Mishigan ta ɗauko Rich Rodriguez daga West Bajiniya domin ya horar mata da ƙungiya. Mutumin ya yi suna da tsarin da ke buƙatar jagoran hari mai ƙafa, wanda zai rungumi ƙwallo da kansa ya ruga. A West Bajiniya yana da Pat White, yaro kamar barewa. A Mishigan kuwa Ryan Mallett ya tarar, dogo mai ƙarfin hannu, amma gudu ba nasa ba ne. Mallett ya ga babu wurinsa, ya tattara ya koma Arkansas. Rodriguez bai sauya tsari ba. Da kakar 2008 ta ƙare, Mishigan ta ci wasa 3, an doke ta sau 9. Tsarin lafiyarsa ƙalau, waɗanda za su ɗauke shi ne babu.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba: kowane ɓangare mutum 11 ne, kuma yawancin aikin da hannu ake yinsa. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su huɗu, har su kai ƙwallo ƙarshen fili su sami maki 6. Ko dai a ruga da ita, ko a jefa ta gaba wani ya cafke. Tsarin kai hari shi ne ke faɗin inda kowa zai tsaya, wanda zai riƙe ƙwallo, yawan gudu da yawan jifa, da saurin da za a yi komai. Idan kai ne koci, ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: leƙa rumbunka

Kafin ka buɗe littafin dabaru ko ɗaya, zauna ka kalli faifan 'yan wasanka na bara. Fara da kwatabak, wato jagoran harin, wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama. Abu uku za ka duba. Jifarsa tana zuwa inda ya nufa? Yana yanke shawara kafin a rufe shi? Yana iya gudu, kuma jikinsa zai ɗauki duka har tsawon wasa 12? Da wuya ka sami mai ukun duka. Wanda ya fi ƙarfi a ciki shi ne zai nuna maka hanya. Kada ka tsaya a kansa shi kaɗai, dubi na biyu da na uku, domin in na farko ya ji rauni a watan Oktoba, da na biyun za ka ƙarasa kaka.

Daga nan sai 'yan layin gaba su biyar, ƙattin da ke tare wa kowa hanya. Kociyoyi masu ɗoki sukan tsallake su, su tafi wajen masu cafka saboda su ake nunawa a talabijin. Kuskure ne. Idan biyar ɗin nan za su iya ture mutum baya yadi biyu, kana da arziki, ka gina gida a kansu. Idan ba za su iya ba, dole ƙwallo ta bar hannun kwatabak da wuri, ko kuma ka nemi tsarin da ke barin wasu 'yan baya, wato masu tsaron abokan hamayya, ba a tare su ba da gangan.

Sannan ka ƙirga masu cafka nawa ne za ka iya amince musu. Masu amana nake nufi, ba masu riga ba. Mai biyu bai kamata ya yi mafarkin baza huɗu a fili ba.

Mataki na biyu: dubi gonar da kake girbi

Ɗan wasan jami'a shekara huɗu ko biyar yake yi ya wuce. Saboda haka tambayar ba ta tsaya kan na hannu ba, har da irin waɗanda makarantarka za ta iya samowa kowace shekara.

Makarantun sojan Amurka uku, na ƙasa da na ruwa da na sama, su ne misali mafi haske. Duk wanda ya shiga sai ya yi aikin soja bayan kammalawa, ga kuma ƙa'idojin lafiyar jiki. Yaron da ke hangen NFL, babbar gasar ƙwararru, da wuya ya nufi can. Shi ya sa suka daɗe suna riƙe da tsarin da ba ya neman ƙattin da suka fi na kowa. Wiskonsin kuma akasin haka ce: yankinsu na samar da manyan samari masu jiki, kuma tun zuwan Barry Alvarez a 1990 suka gina suna a kan ture da gudu, har Ron Dayne ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, a 1999. A 2023 sabon koci, Luke Fickell, ya kawo Phil Longo ya mayar da su masu jifa. Kafin kakar 2024 ta ƙare an sallami Longo, ƙungiyar ta gama da ci 5, faɗuwa 7. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Gaskiya ne dokar sauya makaranta ta yi sauƙi tun 2021, koci na iya ɗauko kwatabak da ya riga ya goge a wani wuri. Amma ƙofar da ake shigowa ta nan ake fita. Naka ma za su iya tafiya.

Mataki na uku: san manyan gidajen

Sunaye suna da yawa, amma gidajen ba su wuce huɗu ba.

Na farko shi ne tsarin ture. Ana tara ƙatti kusa da juna, a miƙa wa mai gudu ƙwallo, a yi ta dannawa har abokan hamayya su gaji, su matso gaba, sannan a yi kamar za a miƙa a jefa ta bayansu. Da shi Mishigan ta ci kofin ƙasa na kakar 2023 a ƙarƙashin Jim Harbaugh, wasa 15 ba faɗuwa. A karawarsu da Penn State sun yi gudu sau 32 a jere. Amma tsarin masu hali ne. In ƙattinka ba su fi na makwabta ba, bango kawai kake tunkuya.

Na biyu, zaɓi uku. A nan zan ɗan daɗe, don shi ne makamin talaka kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana barin 'yan baya biyu ba wanda ya tare su. Kwatabak ya sa ƙwallo a cikin mai gudu na tsakiya yana kallon na farko. In ya kauce, sai ya sakar masa ita. In ya rufo, sai ya zare ya nufi gefe, ya kalli na biyu. In wannan ya nufo shi, ya wurga wa abokinsa da ke biye. In ya bi abokin, shi ya wuce da kansa. Kowace hanya mai tsaro ya zaɓa, kuskure ce. Kuma tunda mutum biyu an tare su da ido kawai, sauran 'yan harin sun fi waɗanda za su tare yawa. Emory Bellard ne ya fito da wani nau'insa a Teksas a 1968, inda masu gudu ke tsayuwa kamar ƙashin ƙirjin kaza, Teksas ta ci kofin ƙasa a 1969. Oklahoma ta Barry Switzer ta ci uku da shi, a 1974 da 1975 da 1985. A zamanin baya-bayan nan Paul Johnson ne ya riƙe tutar. A 2007 sojan ruwa a ƙarƙashinsa suka doke Notre Dame 46 da 44, bayan an doke su sau 43 a jere. Wata fa'idar kuma, abokan hamayya sau ɗaya suke ganin irinsa a shekara, mako guda bai ishe su koyon tare shi ba. Illarsa biyu ce: in aka yi maka nisa da maki, kamowa sai an sha wuya, kuma yara masu burin zama ƙwararru ba sa son sa.

Na uku shi ne wanda suka sa wa suna Air Raid, wato farmakin sama. Hal Mumme da Mike Leach ne suka haɗa shi tun daga 1989 a wata ƙaramar kwaleji, Iowa Wesleyan, suna ɗora wa kan abin da suka koya daga jami'ar BYU ta koci LaVell Edwards. Leach ma lauya ya karanta, bai buga wasan a jami'a ba. Masu cafka huɗu, 'yan layi a wawware, gajerun jifa da ke aikin gudu. Sirrinsa ƙarancin dabaru ne. A zamaninsa Leach kan tsaya a bakin fili da 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu ba, amma abin da ke cikinta an maimaita shi har ya zama jiki. Da haka Texas Tech ta Leach, wadda a lokacin ba ta samun yaran da manyan jihar ke rububi, ta doke Teksas mai matsayi na ɗaya a ƙasar 39 da 33 a 2008. Yana neman kwatabak mai saiti da kaifin kai. Ƙafa ba dole ba ce.

Na huɗu, bazawa da zaɓi, shi ne na Rodriguez da Urban Meyer da Chip Kelly. A baza masu cafka don tsakiya ta yi sarari, kwatabak ya karanci mutum ɗaya, ko ya miƙa, ko ya gudu, ko ya jefa. Yau kusan kowa yana da ɗan gishirinsa a miya.

Mataki na huɗu: auna da lokacin atisaye

'Yan wasan nan ɗalibai ne. Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta taƙaita aikin ƙungiya zuwa awa 20 a mako a lokacin kaka, atisayen watannin Maris da Afrilu kuma 15 ne kacal. Ɗauki jerin dabarunka, ka ƙirga sau nawa kowace za ta samu maimaici kafin Asabar. Duk wadda ba za ta samu isasshe ba, soke ta. Dabara 15 da yara ke yi ido rufe ta fi 60 da sai sun tsaya tunani. Ka kuma tambayi kanka ko mataimakanka sun san tsarin ciki da bai. Wanda ya koye shi jiya a faifai ba zai san gyaran da ake yi ba idan abu ya cije a tsakiyar wasa.

Mataki na biyar: kira mai horar da 'yan bayanka

Sauri yana da daɗin kallo. A zamanin Chip Kelly, Oregon takan fara dama ta gaba kafin abokan hamayya su gama numfashi, balle su sauya mutum. Amma in ka yi dama uku ba ka ci yadi 10 ba, cikin minti ɗaya 'yan bayanka sun dawo fili ba su huta ba. Mai 'yan baya kaɗan gara ya riƙe ƙwallo ya ci agogo. Haka kuma a atisaye, da 'yan harinka 'yan bayanka ke gogawa kullum. In jifa kawai suke gani, ranar da suka haɗu da masu ture za su sha mamaki.

Yanayi ma a saka shi a lissafi. Mai wasa a Minnesota cikin sanyi da iskar Nuwamba ba ɗaya yake da mai wasa a Fulorida ba.

Mataki na shida: karanta dokar bana

A jami'a 'yan layi suna iya shiga gaba har yadi 3 a lokacin jifa, a NFL yadi 1 ne. Wannan ɗan bambancin ne ya sa dabarar gudu-ko-jifa ta fi cin kasuwa a jami'a, domin ƙattin suna turawa kamar gudu za a yi, masu tsaro su matso, ƙwallo ta wuce ta kansu. Layukan da ake aje ƙwallo su ma ƙafa 40 ne tsakaninsu, a NFL ƙafa 18 da rabi, don haka sau da yawa gefe ɗaya na fili yakan zama wawakeke, abin da mai yara masu gudu zai so.

Doka tana iya rushe maka gini. A 2022 aka tsaurara hana tare mutum daga ƙasan ƙugu, abin da masu zaɓi uku suka dogara da shi. Jeff Monken na sojan ƙasa ya sauya salo a 2023, abin bai karɓe su ba, suka koma kusa da tsohon hannu, a 2024 suka ci wasa 12.

Mataki na bakwai: sauya a hankali, ka gwada kafin ka rantse

Idan tsarin da kake so bai dace da yaran da ka gada ba, gina gada. Da Meyer ya je Fulorida ya tarar da Chris Leak, mai jifa ne ba mai gudu ba. Bai tilasta masa ba. A 2006 ya bar Leak yana jagoranci, yana shigo da sabon yaro Tim Tebow a inda ake buƙatar 'yan yadi da ƙarfin ƙirji, suka ɗauki kofin ƙasa. Jojiya Tek kuwa, bayan shekara 11 tana ɗaukar yara don zaɓi uku, ta juya lokaci ɗaya a 2019, ta ƙare da ci 3, faɗuwa 9.

Wani lokaci kuma yaran suna nan, tsarin ne ya danne su. Kwatabak Joe Burrow ya jefa ƙwallon maki 16 a jami'ar LSU a 2018. Kocinsu Ed Orgeron ya kawo mataimaki Joe Brady, aka baza masu cafka, aka sakar wa Burrow mara, a 2019 ya jefa 60, suka ci wasa 15 ba faɗuwa. Nick Saban kansa, kocin Alabama a lokacin, wanda ya taɓa kukan saurin da wasan ke ɗauka, ya kawo Lane Kiffin a 2014 ya buɗe harin Alabama.

A aikace, ka shiga atisayen Maris da dabarun gudu uku ko huɗu da na jifa biyar ko shida. Ɗauki komai a faifai. Ka fi sa ido kan dama ta uku da kuma yadi 20 na ƙarshe kafin layin maki, inda fili ke matsewa, don a nan tsarin da bai zauna ba ke tona kansa. Ka ba kwatabak na biyu rabin aikin. Abin da su biyun suka iya, shi za ka shiga da shi watan Agusta. Sauran ka aje a aljihun tebur sai ka samo masu yinsa.