Yadda ake haɗa gawayin gona don gyara ƙasar jigawa

Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Gawayi kuwa cike yake da ƙananan ƙofofi masu tsare danshi da sinadarin taki kusa da saiwa, kuma yana daɗewa a ƙasa bai ruɓe ba.

Ba sai an sare itace ba. Totuwar masara, ɓawon gyaɗa da karan da ya rage bayan an ɗebi na dabbobi da na danni sun isa, muddin sun bushe sarai.

A haƙa rami mai siffar mazurari, faɗin bakinsa kamar mita 1 da rabi, zurfinsa santimita 70. A kunna wuta a gindinsa da siraran kara. Da zarar farar toka ta fara bayyana a saman garwashin, sai a shimfiɗa wani sabon kara a kai, kaɗan-kaɗan, har ramin ya cika. Harshen wutar da ke sama shi ke hana iska isa ƙasa. In an yi jinkirin ƙarawa, komai ya zama toka. In an labta da yawa, ko kayan na da danshi, farin hayaƙi zai turnuƙe, cikin ya fito ɗanye. In ramin ya cika, a kwarara ruwa har tururi ya ɗauke. Gawayin da ya nuna ba ya wari, yana karyewa ƙaras.

A daka shi da ɗan danshi don kada ƙura ta tashi, ya koma kamar ƙwayar masara.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kai shi gona haka nan. Gawayi ba taki ba ne. In ya shiga ƙasa ba a haɗa shi da taki ba, zai zuƙe ɗan abincin da ke wurin, ganye ya yi rawaya, shuka ta tsumbure a daminar farko. Don haka a cakuɗa kwando 1 na gawayi da kwando 1 zuwa 2 na kashin shanu, awaki ko kaji, a yayyafa ruwa, a rufe a inuwa mako 2 zuwa 4, ana juyawa.

Watsa shi a faɗin gona asara ce. A zuba cikin hannu 1 ko 2 a kowane gurbi, a gauraya da ƙasa, a rufe, don wanda aka bari a sama iska da ruwa za su kwashe. Masu haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama, a yankin Tawa ta Nijar sai su sa shi cikin ramin tare da taki.

Ƙasa mai kanwa ko gishiri kada a sa mata, gawayi ƙara mata kanwa zai yi. A fara gwadawa a kunya 2 ko 3, a bar na kusa ba a sa ba don a kwatanta.